Dariya a Zauren Kimiyya: Riba ce ko Asara?

A Birtaniya akwai mutanen da kan tashi daga aiki da yamma, su yanki tikiti da kuɗin aljihunsu, su cika gidan wasa don kallon wani yana lissafi a kan dandamali. Ba yara ba ne da makaranta ta kwaso a mota. Manya ne masu iyali, wasunsu rabonsu da aji an fi shekara ashirin, kuma dariya suka zo yi. Matt Parker, ɗan Ostireliya da ya taɓa koyar da lissafi a sakandare, ya ajiye alli ya rungumi wannan sana'a. Shi da Helen Arney da Steve Mould, waɗanda suka karanta fiziks a jami'a, sun kafa ƙungiyar Festival of the Spoken Nerd, suna zagaya garuruwa da gwaje-gwaje da waƙa da barkwanci. A 2009 gidan rediyon BBC ya fara shirin The Infinite Monkey Cage, wanda Farfesa Brian Cox da ɗan barkwanci Robin Ince suka shekara da shekaru suna gabatarwa a gaban 'yan kallo. A shekarar ce kuma aka buɗe Bright Club a jami'ar UCL da ke Landan, inda ake horar da masu bincike su hau dandamali su ba da labarin aikinsu cikin raha na 'yan mintoci. A Amurka kuwa a 1991 aka fara bikin Ig Nobel, inda ake karrama binciken da ke sa mutum dariya kafin ya sa shi tunani.

Sana'ar dai ta riga ta kafu. Abin da ake ta ja-in-ja a kansa shi ne ko tana ƙara wa ilimi wani abu, ko kuwa rage masa take yi. Masana kansu sun rabu biyu, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya.

Masu goyon baya daga tsoro suke farawa. Mutane da yawa sun fito daga makaranta da tabon lissafi a zuciya: an tsayar da su gaban allo, sun kasa, aji ya yi musu dariya, daga ranar suka yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da kan lissafi. Irin wannan mutum ko kyauta ka gayyace shi lacca ba zai zo ba. Amma zai zo wurin da aka ce za a yi raha, don ya san babu mai tambayarsa, babu jarrabawa a ƙarshe.

Ga misalin abin da zai tarar, wani daɗaɗɗen wasa da masu wannan sana'a ke so ƙwarai. Mai gabatarwa ya ware mutum 50 daga layukan gaba, ya ce yana kyautata zaton akwai biyu a cikinsu da aka haifa rana ɗaya a wata ɗaya. Zaure ya ɗauki guna-guni, domin kowa ya san kwana 365 ne a shekara, ina mutum hamsin za su kai? Sai a fara bi ɗaya bayan ɗaya, kowa na faɗin ranarsa. Wannan ya ce bakwai ga Maris, wannan ta ce ashirin ga Yuli. Ba a cika kaiwa ƙarshen layi ba sai ka ji wata daga gefe ta ɗaga murya ta ce ai ranarta ke nan, zaure ya kece da dariya da tafi. A daidai lokacin da baki ke buɗe ne mai wasan zai yi bayani. Kowa a zauren kansa yake dubawa, yana tambayar wa ya dace da ranata. Alhali abin da ake nema shi ne ko waɗanne biyu ne a cikin taron, kuma idan ka jera mutum 50 bibbiyu ta kowace fuska za ka sami haɗi 1,225. Ko mutum 23 ma suna ba da haɗi 253, wanda ya isa ya sa damar dacewa ta ɗara rabi. A mutum 50 ta kai kusan kashi 97 cikin ɗari. Ana iya rubuta wannan a littafi cikin layi uku, amma gani ya kori ji, kuma wanda abin ya faru a gabansa da wuya ya manta.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan nauyi a wurina. Suna cewa raha makami ce ta kare kai daga 'yan damfara masu rataye da alƙaluma. A farkon 2010 wasu jaridun Birtaniya suka yayata iƙirarin wani marubuci cewa mutanen da can can sun jera wuraren tarihinsu a kan wani tsari na ɓoye, domin idan ka ja layi tsakaninsu a taswira sai ka ga suna fitar da alwatika masu daidaitattun gefuna. Matt Parker bai tsaya musu da shi ba. Sai ya ɗauko adireshin shagunan Woolworths, kamfanin da ya durƙushe bai daɗe ba ya bar rassa kusan 800, ya yi musu irin wannan aikin, ya kuma fito da nasa alwatikan masu ban mamaki. Sirrin ba wani abu ba ne: ɗigo 800 a taswira suna iya ba ka alwatika sama da miliyan 85, don haka duk siffar da ranka ke so za ka tsinta idan ka yi watsi da sauran. A shekarar ya sake nuna cewa yankin da ya fi yawan turakun sadarwa ya fi yawan haihuwa, kuma alƙaluman gaskiya ne. Sai dai turaku ba sa kawo haihuwa, yawan jama'a ne ke jawo su duka biyun. Wanda ya taɓa yin dariyar wannan, ran da aka turo masa saƙo a WhatsApp cewa abu kaza ne ke haddasa cuta kaza don an gan su tare, zai tsaya ya yi tambaya. Ba ƙaramin abu ba ne, idan aka tuna cewa a 2020 an ƙona turakun sadarwa a Birtaniya saboda jita-jitar da ta danganta fasahar 5G da cutar korona.

To, masu suka fa? Ba mutane ne masu murtuke fuska da ke ƙin dariya ba, kamar yadda ake son a nuna su. Babbar damuwarsu ita ce jin daɗi yana kama da fahimta, har mutum ya kasa bambance su. Suna kafa hujja da wani gwaji da aka buga a 1973 daga Jami'ar Kudancin Kalifoniya. An ɗauko wani ɗan wasan kwaikwayo da bai san komai a fannin ba, aka laƙaba masa suna Dakta Fox, aka shirya masa lacca a kan lissafi da koyar da likitoci. Da gangan aka cika ta da zancen kanzon kurege, da maganganu masu karo da juna, da kalmomin da ba su da ma'ana. Abin da aka ce ya riƙe kawai shi ne fara'a da barkwanci da iya tsayuwa. Masu sauraro ba jahilai ba ne, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da malamai a cikinsu. Aka gama, aka raba musu takarda, akasarinsu suka yaba, suka ce sun ƙaru. Idan masu digiri sun faɗa wannan rami, ina ga wanda ya zo hutawa bayan wunin aiki?

Akwai kuma binciken Shannon Harp da Richard Mayer na 1998. Sun ba ɗalibai bayanin yadda walƙiya ke samuwa, wasu tsurarsa, wasu kuma an ƙawata musu da labarai masu jan hankali game da mutanen da tsawa ta faɗa wa. Waɗanda aka ƙawata wa sun fi kasa tuna ainihin bayanin, domin hankalinsu ya bi ado ya bar gundari. Masu suka na cewa abin da ke faruwa a gidan wasa ke nan. Helen Arney tana fasa kofin gilashi da muryarta, kowa zai tuna ƙarar fashewar, amma mutum nawa ne gobe za su iya bayyana cewa kowane kofi yana da nasa amo, kuma sai murya ta dace da shi daidai, da ƙarfi, girgizar ke taruwa har ta fi ƙarfin gilashin? Suna kuma ƙarawa da cewa kimiyya ta gaske ba haka take ba. Shekaru ne na maimaita gwaji, da sakamakon da bai fito ba, da lissafin da babu abin dariya a cikinsa ko kaɗan. Matashin da aka jawo da tafi, ran da ya haɗu da wannan zai ga kamar an yaudare shi.

Wannan suka tana da gaskiya, amma ba duka gaskiyar ke hannunta ba. A 1988 Avner Ziv na Jami'ar Tel Aviv ya buga sakamakon wani gwaji da ya ɗauki zango guda na karatu. Malami ɗaya ya koyar da darasin ƙididdiga ga rukuni biyu, ɗaya da barkwanci kaɗan a kowane darasi, ɗaya babu. Sharaɗin shi ne kowane barkwanci ya zama misali ne na abin da ake koyarwa. A jarrabawar ƙarshe rukunin da aka yi wa raha ne ya fi maki. Idan aka ajiye wannan kusa da na Harp da Mayer, za a ga ba sa karo da juna. Raha iri biyu ce. Akwai wadda ake liƙawa a jikin darasi don kada mutane su yi gyangyaɗi, wannan ita ke sace hankali. Akwai kuma wadda daga cikin gaskiyar take fitowa, inda abin da ya ba ka dariya shi ne ainihin abin da ake so ka gane. Dariyar shagunan Woolworths irin ta biyu ce, ba yadda za ka yi ta ba tare da ka fahimci hujjar ba. Ta Dakta Fox kuwa ko darasin babu a ƙarƙashinta.

Tarihi ma ya ajiye wani labari da kowane ɓangare ke ja ta gefensa. A shekarun 1840 masu wasa suna yawo a garuruwan Amurka da iskar sa dariya, ana biyan kuɗi a kalli mutane sun shaƙa suna tangaɗi. Ranar 10 ga Disamba 1844, a garin Hartford, wani likitan haƙori mai suna Horace Wells yana cikin 'yan kallo a wasan Gardner Colton, sai ya lura wani saurayi da ya shaƙi iskar ya bugi benci ya ji ciwo a ƙafa amma bai ji zafi ba. Washegari Wells ya sa aka shaƙa masa iskar aka cire masa haƙori. Daga nan aka kama hanyar kashe zafi a wurin tiyata. Masu goyon baya sai su ce ka ga abin da wasa ya haifar. Masu suka kuwa sai su tuna maka cewa tun 1800 Humphry Davy ya rubuta cewa wannan iska za ta iya amfani a tiyata, amma aka shafe shekara 44 ana dariya da ita, ana kuma yanka mutane da ransu suna ihu. A ganina duka biyun sun faɗi daidai, kuma abin da ya raba Wells da sauran 'yan kallo shi ne ya koma gida ya gwada.

Sai batun mutunci. A 1995 Robert May, babban mai ba gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya a lokacin, ya nemi masu shirya Ig Nobel su daina ba masanan ƙasarsa kyautar, don gudun a mayar da bincike na gaske abin ba'a a jaridu. Tsoronsa yana da tushe. A Amurka Sanata William Proxmire ya kwashe daga 1975 zuwa 1988 yana zaɓo ayyukan da gwamnati ta biya wa kuɗi, har da na bincike, yana yi musu shaguɓe a bainar jama'a a matsayin ɓarnar dukiya. Kowane bincike idan aka taƙaita shi a layi ɗaya yana iya zama kamar shirme, kuma ɗan siyasa mai neman inda zai rage kasafi ba ya buƙatar fiye da layin nan.

Sai dai a nan ina ganin lokaci ya ba masu raha gaskiya. Andre Geim ya karɓi Ig Nobel a 2000 saboda ya sa kwaɗo mai rai ya tsaya a iska cikin ƙarfin maganaɗisu. Bayan shekara goma shi da Konstantin Novoselov suka karɓi Nobel ta gaske, kan wani siririn abu da suka ɓare daga irin baƙin da ke cikin fensir, da salatif. A 2006 aka ba Bart Knols da Ruurd de Jong Ig Nobel don sun nuna cewa sauron da ke yaɗa maleriya a Afirka yana son warin wani cuku mai suna Limburger kamar yadda yake son warin ƙafar mutum. An yi dariya sosai. Amma dalilin shi ne ƙwayoyin bakteriyar da ke nuna cukun dangi ne na waɗanda ke zaune a fatar ƙafa, kuma sanin abin da ke jawo sauro shi ne tushen tarkon da ake ɗana masa da wari. Tunda Najeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, bai kamata mu raina wannan aiki ba, kuma da ba don dariyar ba da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Wani lokaci ma daga dandamali tambayar ke tafiya jami'a. A 2013 Steve Mould ya nuna wata doguwar sarƙa ta ƙananan ƙwallayen ƙarfe a cikin kofi: idan ka ja bakinta ka saki, maimakon ta zubo kai tsaye, sai ta yi tsalle sama da bakin kofin kamar maɓuɓɓuga kafin ta faɗi. A 2014 John Biggins da Mark Warner na Jami'ar Cambridge suka buga bayaninta, cewa tarin da ke cikin kofin yana tunkuɗo sarƙar sama yayin da ake ɗaga ta.

Sukar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta ƙarshe: su wa ke cikin zauren, kuma wa ake yi wa dariyar? Wanda ya yanki tikitin wasan lissafi, galibi da ma yana son lissafi. Yawancin wuraren a manyan birane suke, wasu a mashaya, kuma barkwancin da yawa sai wanda ya yi karatu mai zurfi ke kama shi. Hauke Riesch na Jami'ar Brunel ya yi gargaɗi a kan haka a 2015, cewa raha tana haɗa kan waɗanda suka gane ta, tana kuma ware waɗanda ba su gane ba. Abin ya fi muni idan aka juya kan mutane. A 2008 Robin Ince ya fara wani bikin ƙarshen shekara a Landan na kimiyya da barkwanci, wanda sunansa na farko ya nuna na marasa addini ne, daga baya aka sauya sunan ya koma na masu son sani. Idan aka saba ɗaura kimiyya da yi wa imanin mutane ba'a, mai imani zai fahimci cewa ba a son sa a wurin, kuma ba gidan wasan kaɗai zai ƙaurace wa ba, har da abin da ake faɗa a ciki. Mu mun san tsadar rashin yarda. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ba izgili ne ya dawo da iyaye ba a 2004. Zama aka yi da malamai da sarakuna, aka saurari tsoron mutane, aka ba su amsa. Ban taɓa jin wanda aka mayar wawa a gaban taro ya tashi ya ce ya gamsu ba.

Duk da haka ni ina tare da masu wannan sana'a. Kuskuren masu suka shi ne suna auna ta da ma'aunin makaranta, alhali ba ta taɓa cewa za ta yaye injiniya ba. Aikinta irin na ɗanɗanon da mai tsire ke yanko maka ne kafin ciniki, ba ya ƙosarwa, amma shi ke tsayar da mai wucewa. Kuskuren masu goyon baya kuma shi ne suna ƙirga tafi a matsayin ilimi, suna kuma kau da kai idan an ci mutuncin wanda ba ya wurin. Wasan da dariyarsa ta fito daga cikin gaskiyar, wanda kuma abin dariyar shi ne yadda hankalin ɗan Adam ke ruɗar kowa da kowa har da mai gabatarwa, wannan ya cancanci kuɗin tikitinsa. Wanda ya rasa waɗannan biyun ya zama wasa kawai, kuma gara a kira shi da sunansa.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu a zauna da dare ana wasa da ƙwaƙwalwa. Wanda ya taɓa kokawa da kacici-kacicin mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da harawa, ko ya ga yadda ake cika maƙil a kan 'yan dara, ya san manya ma suna son a ɗaure musu kai a kwance. Muna da 'yan kama tun da daɗewa, muna da masu barkwanci da ke cika fili. Abin da ba mu saba gani ba shi ne masanin da zai yarda ya sauko ya tsaya tare da su. Ina kira ga malaman kimiyya da lissafi na jami'o'inmu, daga Zariya da Kano da Sakkwato har Yamai da Maraɗi, su gwada ko da dare ɗaya ne a zango: da Hausa, ƙofa a buɗe, a gayyaci ɗan kasuwa da tela da direba da matan unguwa. A fara da abin da ya dame su, kamar sauro, da lissafin ribar bashi, da yadda ake gane alƙaluman ƙarya a waya. Ɗan barkwancin ya riƙe taro, malamin ya tabbatar ba a faɗi abin da ba haka ba, kuma kada a taɓa addinin kowa ko a mayar da ɗan ƙauye abin dariya.